Maki a takarda, cokali a hannu: yadda ake gane ko maganin SMA yana aiki

Idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaro, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a san ko magani ya karɓe shi. Jiki ya yi sanyi, ya nemi abinci, kwana uku ya fita wasa, shi ke nan. Amma akwai cututtukan da ba haka suke ba, kuma a cikinsu da wuya a sami wadda tambayar "Likita, maganin nan yana aiki kuwa?" ta fi wuyar amsawa kamar ciwon shanyewar tsoka na gado, wanda likitocin duniya suka fi sani da haruffa uku, SMA. A nan uwa tana iya rantsuwa ɗanta ya sami sauƙi, takardar asibiti ta ce babu abin da ya motsa. Ko kuma takarda ta nuna ƙarin maki huɗu, mai jikin ya ce shi bai ga inda makin ya shiga rayuwarsa ba. Sau da yawa kuma dukansu biyun gaskiya suke faɗa.

Sai an san abin da cutar take yi kafin a gane tushen wannan saɓani. A cikin laka, wato igiyar jijiyar da ta ratsa ƙashin baya, akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu shi ne kai umarnin ƙwaƙwalwa ga tsoka: ɗaga hannu, miƙe ƙafa, haɗiye, yi tari. Ƙwayoyin nan ba sa rayuwa sai da wani sinadari mai suna SMN, wanda ƙwayar gado SMN1 take samarwa. Masu bincike a Faransa, ƙarƙashin Judith Melki, su suka gano a 1995 cewa rashin wannan ƙwayar gado ke haddasa ciwon. Idan sinadarin ya yi ƙaranci sai ƙwayoyin laka su riƙa mutuwa, tsokar da ta daina jin kira kuma ta rame ta shanye. Duk wanda ya san shan inna ya san rabin labarin, domin irin ƙwayoyin laka ɗaya cututtukan biyu suke kamawa. Sai dai shan inna ɗaukarta ake yi, ta yi ɓarnarta cikin 'yan kwanaki ta lafa, sau da yawa a ƙafa ɗaya. SMA kuwa ba a ɗaukarta a wurin kowa, tana taɓa dama da hagu daidai wa daida, ta fi ƙarfi a ƙugu da cinya da kafaɗa fiye da yatsu, kuma idan an bar ta ba ta lafawa. Gadonta irin na sikila ne. Uwa tana ɗauke da ita, uba yana ɗauke da ita, dukansu lafiya lau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Shi ya sa auren zumunci yake ƙara haɗa masu ɗauke da ita wuri guda. Ana ƙiyasta cewa jariri ɗaya cikin kimanin 10,000 ake haifa da ita. Ba ta taɓa hankali. Yaron da ba ya iya ɗaga kansa daga shimfiɗa sai ka gan shi ido tarwai, yana bin kowa da kallo, yana gane duk abin da ake yi.

Akwai wata ƙwayar gado ta biyu, SMN2, mai kama da ta farko, sai dai abin da take fitarwa mai amfani bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Wani yana da kwafi biyu nata, wani uku, wani huɗu, kuma galibi yawan kwafin shi ke rage tsananin ciwon. Daga nan aka sami rabe-raben da aka daɗe ana amfani da su. Nau'i na ɗaya yana bayyana kafin wata 6, jaririn ba ya kaiwa ga zama, kuma kafin zuwan magunguna yawancinsu ba sa cika shekara biyu sai dai da na'urar numfashi. Na biyu yana bayyana tsakanin wata 6 da 18, yaro ya zauna amma ba ya tafiya. Na uku yana zuwa bayan yaro ya fara tafiya, na huɗu kuma sai an girma.

Haka aka zauna sama da shekara ɗari, tun lokacin da Guido Werdnig da Johann Hoffmann suka siffanta cutar a farkon shekarun 1890, babu magani sai jinya. A Disamba 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da nusinersen, wanda ake sayarwa da sunan Spinraza, allura ce da ake yi cikin ruwan laka, huɗu a farko sannan ɗaya duk wata huɗu. A Mayu 2019 sai ga Zolgensma, ƙarin ruwa sau ɗaya tak ga yaran da ba su kai shekara biyu ba, mai saka wa jiki lafiyayyar SMN1. A Agusta 2020 kuma risdiplam, ko Evrysdi, wanda ake sha kullum a gida. Dukansu ƙara sinadarin SMN suke yi. Babu wanda yake tayar da ƙwayar lakar da ta riga ta mutu. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Tsayawa wuri ɗaya ma aiki ne

Mai tuƙa kwalekwale yana fuskantar igiyar ruwa a tsakiyar damina, idan bayan awa guda ka same shi daura da bishiyar da ka bar shi, ba za ka ce bai yi komai ba. Da ya ajiye filafili da tuni ruwa ya yi gaba da shi. Haka mai SMA yake. Ba da jiya kaɗai ake gwada yau ɗinsa ba, ana gwada ta ne da inda cutar za ta kai shi da ba a yi komai ba.

Gwajin da aka yi wa nusinersen a kan yara 126 da ciwon ya kama bayan wata shida, mai suna CHERISH, ya nuna wannan a fili. Bayan wata 15, waɗanda suka sami maganin sun ƙaru da maki kusan 4 a ma'aunin motsi, waɗanda aka yi musu kwaikwayon allurar ba tare da magani ba kuma sun ragu da maki 1. Ribar ta gaskiya ke nan ba 4 ba ce, kusan 5 ce, har da asarar da aka tare. A gwajin risdiplam mai suna SUNFISH, wanda ya haɗa mutum 180 daga shekara 2 zuwa 25, tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu bayan shekara guda maki ɗaya da rabi ce kacal cikin 100, kuma ƙananan yara ne suka fi ƙaruwa, manyan kuwa galibi tsayawa suka yi. Wanda ya dubi wannan adadi daga nesa zai taɓe baki. Amma a binciken jin ra'ayi da ƙungiyar masu SMA ta Turai ta gudanar, wanda aka wallafa a 2017, kusan duk waɗanda suka amsa sun ce idan magani zai tsayar da su inda suke, su a wurinsu ci gaba ne. Matashin da yake iya tura sandar kekensa na guragu mai lantarki da yatsa biyu ya san abin da zai rasa ranar da yatsun suka ƙi.

Ga yaro mai tasowa lissafin ya ƙara rikicewa, domin girma kansa nauyi ne. Ƙashi yana tsawo, jiki yana ƙara kilo, tsoka ba ta biye musu. Gaɓoɓi suna ƙagewa saboda yawan zama, ƙashin baya yana karkacewa. Bibiyar da aka yi wa masu nau'i na biyu kafin zuwan magani ta nuna cewa tsakanin shekara 5 zuwa wajen 13 ne makinsu ya fi zubewa. Don haka yarinya 'yar shekara tara da makinta bai canza ba cikin shekara biyu, alhali ta ƙara tsawo da nauyi, ta yi abin da a da ba a cika gani ba.

Kowane awo da mudunsa

Ba ma'auni ɗaya ba ne, kuma ba don son wahala aka yawaita su ba. Tun da magunguna suka zo, tsohon rabon nau'i na ɗaya da na biyu da na uku ya fara rasa ma'ana, tunda ga jariri mai nau'i na ɗaya yana zaune. Ƙa'idojin kulawa da aka sabunta a 2018 sun karkasa marasa lafiya bisa abin da suke iyawa a yau: wanda ba ya zama, mai zama, da mai tafiya. Kowane rukuni da awonsa.

Ga jarirai da marasa ƙarfi sosai akwai CHOP INTEND, wanda aka tsara a asibitin yara na Filadelfiya. Abu 16 ake dubawa, kowanne daga 0 zuwa 4, jimla 64: yadda jariri yake damƙar yatsa, ko yana iya riƙe kai a tsakiya, ko yana lanƙwasa gwiwa, ko yana taimakawa idan an mirgina shi. Jariri mai nau'i na ɗaya da ba a yi wa magani ba da ƙyar yake wuce 40, daga nan kuma sai gangara. Shi ya sa ganin maki 45 ko 50 yake faranta wa likitoci rai, ko da yaron bai zauna ba tukuna. Ana haɗa shi da matakan girma, irin waɗanda kowace uwa take lura da su ba tare da takarda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi lafiyayyun yara a ƙasashe biyar, har da Ghana, ta fitar da lokutan matakai shida. Zama ba tare da tallafi ba yana zuwa tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, tafiya kuma daga wata 8 zuwa kusan 18. A gwajin ENDEAR na jarirai 121, kashi 51 cikin 100 na waɗanda suka sami nusinersen sun nuna ci gaba a matakan motsi, a ɗaya ɓangaren kuwa ko ɗaya babu. An dakatar da gwajin tun kafin wa'adinsa don kowa ya sami maganin.

A nan akwai wani tarko da ya kamata iyaye su sani. Kalmar "zama" ba abu ɗaya take nufi a kowane bincike ba. A gwajin FIREFISH na risdiplam, inda kashi 29 cikin 100 na jarirai 41 suka zauna bayan shekara guda, zaman sakan 5 ake nufi. Hukumar Lafiya ta Duniya sakan 10 take ƙirgawa. A gwajin STR1VE na Zolgensma, inda 13 cikin 22 suka zauna, sakan 30 aka nema, kuma a wata 18 na haihuwa aka duba. Yaran ma ba shekarunsu ɗaya ba lokacin da aka fara musu. Wanda ya jera waɗannan alƙaluma gefe da gefe ya ce wannan magani ya fi wancan, ya auna gero da tiya ne, dawa da mudu, sannan ya ce ya san wanda ya fi yawa.

Ga masu zama da masu tafiya, ma'aunin da ya fi shahara shi ne HFMSE, wanda asalinsa daga asibitin Hammersmith na Landan ne. Abu 33, kowanne 0 ko 1 ko 2, jimla 66, daga zama a kan tabarma, mirginawa, rarrafe, durƙuso, har zuwa tsalle da hawan matakala. An saba ɗaukar canjin maki 3 a matsayin mai ma'ana. Ga hannu akwai RULM mai maki 37, kuma shi ne ya fi kusa da rayuwar yau da kullum: jan layi da fensir, tsintar kwabbai, yaga takarda, buɗe murfin roba, kai kofi mai nauyin giram 200 baki. Masu tafiya ana sa su tafiyar minti shida, a ƙirga mita nawa suka ci. Abin lura a wannan gwaji ba jimlar kaɗai ba ce. Mai SMA yakan ci tazara mai kyau a minti na farko, zuwa na shida ta ragu sosai, kuma wannan raguwa ita ce hoton gajiyar da yake fama da ita. Faransawa kuma suna da nasu, MFM-32, wanda aka yi amfani da shi a SUNFISH. Galibi duk wata shida ake maimaita awon.

Abin da mudu ba ya kamawa

Waɗannan ma'aunai an gina su da kyau, kuma ba don su ba da babu hukumar da za ta yarda da magani ko ɗaya. Amma an gina su ne don a gwada rukuni da rukuni, yawanci yara, cikin shekara ɗaya ko biyu. Idan aka ɗauko su aka ɗora a kan mutum guda na tsawon rayuwa, sai giɓinsu ya fito.

Babban giɓi shi ne na ƙasa da na sama. Baligi mai nau'i na biyu, wanda aka yi wa aikin ƙashin baya aka saka ƙarfe, yana iya samun maki 2 ko 0 a HFMSE, ba don ba shi da sauran ƙarfi ba, sai don ma'aunin mirginawa da rarrafe yake tambaya, shi kuwa ƙarfen ya hana shi lanƙwasa. Ko ya sami sauƙi ko ya ƙara rauni, 0 ɗin nan ba za ta motsa ba. Mai tafiya da hannunsa ke da ƙarfi kuma yana iya cinye 37 ɗin RULM tun ranar farko, babu sauran wurin hawa. Sannan maki ba nauyinsu ɗaya ba. Tashi daga 1 zuwa 2 a wani abu yana iya zama bambancin mai cin abinci da kansa da wanda ake ba a baki; a wani abun kuma ba ya canza komai a gida.

Sai ranar awon kanta. Yaron da aka taso da asuba, aka yi tafiyar awa uku a mota, ga yunwa, ga mura da ya yi makon jiya, ga baƙuwar fuska tana ce masa ya mirgina, ba shi ne yaron da uwarsa ta sani a tsakar gida ba. Ɗan shekara uku ma yana iya ƙin yi don ƙiwa kawai. Shi ya sa ake so mai awon ya zama ƙwararren likitan gashi, wato mai gasa jiki da motsa gaɓoɓi, da aka horar a kan ma'aunin, ya kasance mutum ɗaya in da hali, a lokaci ɗaya na yini, kuma kada a yanke hukunci da awo guda.

Abin da ya fi damuna shi ne abubuwan da ba sa cikin jerin gaba ɗaya. Ma'aunin motsi yana tambaya ko za ka iya abu sau ɗaya. Rayuwa kuwa tambayarta sau nawa za ka iya kafin ka gaji. Ɗaga cokali sau ɗaya a gaban likita daban, gama kwanon tuwo daban. Babu maki na ƙarfin murya, ko na tarin da yake fitar da majina, ko na tauna nama ba tare da muƙamuƙi ya gaji ba, ko na kwana ba tare da an tashi wani ya juya ka sau biyar ba. Alhali numfashi da haɗiya su ne suke kai mai SMA gadon asibiti. Waɗannan ana auna su ta wata hanya: yawan iskar da huhu ke fitarwa, ƙarfin tari, awa nawa ake kwana da na'urar taimakon numfashi, sau nawa ciwon haƙarƙari ya kwantar da mutum a shekara, minti nawa cin abinci yake ɗauka, sau nawa ake ƙwarewa, nauyi yana hawa ko yana sauka. Masu bincike suna kuma duba ƙarfin saƙon lantarki da jijiya ke kai wa tsoka, da wani sinadari da ke zuba cikin jini idan jijiya tana lalacewa, wanda yake sauka sosai a jarirai bayan an fara magani. Akwai kuma takardun tambaya da mai ciwon ko mai jinyarsa yake cikawa a kan yadda yake wanka, sa tufafi da cin abinci. Duk wannan ƙoƙari ne na toshe giɓi ɗaya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

A nan ne zancen buri ya shigo. Kafin a fara magani, ko a farkon kowane zango, ya kamata a zauna a tambayi mai jikin: me kake so ka iya, me kuma kake tsoron rasawa? Tambaya ta biyun ta fi ta farko muhimmanci ga manya, amma ita aka fi mantawa.

Amsar farko kusan kullum babba ce. Uba zai ce, "Likita, so nake ya yi tafiya." Ba laifi ba ne, kuma ba daidai ba ne a yi masa dariya ko a rufe bakinsa da alƙaluma. Ga jaririn da aka gano tun kafin alamu su bayyana, wannan buri ma yana iya cika: a binciken NURTURE, inda aka fara wa jarirai 25 nusinersen cikin makonni shida na farko, dukansu sun zauna, mafi yawansu kuma sun yi tafiya. Dalili ke nan da Amurka ta saka SMA cikin cututtukan da ake ba da shawarar gwada jarirai a kansu a 2018, Jamus kuma ta fara gwajin a faɗin ƙasa a 2021. Amma ga yaro ɗan shekara takwas da bai taɓa tsayawa ba, ƙwayoyin da za su ɗauki ƙafar sun riga sun tafi. Aikin likita a nan shi ne ya faɗi gaskiya da tausasawa, sannan ya tono abin da ke ƙarƙashin burin. Sau da yawa "ya yi tafiya" yana nufin ya je makaranta, ya shiga cikin yara, ya daina jiran a ɗauke shi. Waɗannan kuwa akwai hanyoyin kai wa gare su, wasu ta magani, wasu ta keke mai kyau da teburi daidai tsayinsa.

Yaron ma a tambaye shi, domin burinsa ba lallai ya zama na iyayensa ba. Uwa tana tunanin tsayuwa, ita yarinyar abin da ke ranta shi ne ta ɗaura ɗankwalinta da kanta, ko ta ɗaga hannu a aji malam ya gan ta. Saurayi yana iya cewa shi dai ya iya karkata buta ya yi alwala ba tare da ya kira ƙaninsa ba, ko ya yi rubutu a waya na minti ashirin kafin babban yatsa ya mutu.

Akwai tsohuwar dabara ta mayar da irin wannan buri abin aunawa. Thomas Kiresuk da Robert Sherman ne suka fito da ita a 1968 a jihar Minesota ta Amurka, don masu lalurar ƙwaƙwalwa, daga baya likitocin gashi suka ɗauke ta. Ana rubuta buri guda a matakai biyar. Sifili shi ne abin da ake sa ran cimmawa a wa'adin da aka yanka. +1 da +2 sun zarce tsammani. -1 da -2 sun gaza shi. A ɗauka yarinya ce 'yar shekara tara mai zama a keke, wadda a yau take kai loma biyar baki da cokali sannan hannu ya gaji a karɓa mata. Wannan shi ne -1, inda take yanzu. Sifili: nan da wata shida ta ci rabin kwano da kanta, gwiwar hannu a kan teburi, a yawancin kwanakin mako. +1: ta gama kwanon. +2: ta gama ba tare da jingina gwiwar hannu ba. -2: ta koma ƙasa da loma biyar. An rubuta, an sa rana, kowa ya ji. Bayan wata shida ko HFMSE ya tsaya a 11 kamar yadda yake, ana da abin dubawa na biyu wanda ba ra'ayin kowa ba ne.

Dabarar tana da nata rauni. Idan aka sa buri mai sauƙi ainun, kowa ya ci jarrabawa. Idan aka kai shi sama, a karya wa yaro gwiwa a banza. Ba a iya gwada sakamakon wani da na wani. Buri biyu ko uku sun isa, fiye da haka sai gida ya koma sansanin horo, yaro ya tsani ganin cokalin ma. A ciwo irin wannan kuma dole a yarda a rubuta burin riƙewa, kamar "nan da shekara guda yana nan yana tashi daga keke zuwa gado da kansa", a ɗauke shi da daraja ɗaya da burin ƙaruwa.

Idan buri bai cika ba, ba a fara da zargin magani. A duba ko ta yi tsawo ne hannu ya ƙara nauyi, ko bayan ya ƙara karkacewa har zaman ya lalace, ko gwiwar hannu ta ƙage, ko ta yi jinya a tsakani, ko barcinta ya lalace saboda numfashin dare, ko ma teburin ne ya yi mata ƙasa. Wani lokaci ɗaga teburi da ɗan yatsa huɗu yana dawo da abin da aka zaci cuta ce ta cinye.

Me ya sa ba a watsar da maki gaba ɗaya a koma ga buri? Kuɗi na daga cikin dalilai. Farashin da aka sanar na Spinraza a Amurka lokacin da ya fito dala 750,000 ne a shekarar farko, sannan 375,000 duk shekara. Zolgensma kuwa dala miliyan 2.125 aka sa masa a 2019. Mai biyan irin wannan kuɗi zai nemi hujja. Lokacin da Ingila ta fara bayar da nusinersen a asibitocin gwamnati a 2019, ta yi ne bisa yarjejeniyar a riƙa awo a kai a kai ana tara sakamako, da sharuɗɗan dakatarwa idan mutum ya ci gaba da raguwa. Kamfanonin inshora a Amurka ma sukan nemi makin kafin su sabunta amincewa. Ka ga ranar awo ta zama ranar jarrabawa, iyali suna shiga da fargaba. Ni a ganina neman hujja ba zalunci ba ne. Zaluncin shi ne a yanke wa mutum magani da ma'aunin da tun farko ba ya iya ganinsa. Maki yana kare mu daga ruɗin fata, domin wanda ya sa rai yakan ga sauƙi ko babu. Buri kuma yana kare mu daga makantar takarda.

Ga yawancin iyalai a Nijeriya da Nijar waɗannan magunguna sun fi ƙarfin aljihu nesa ba kusa ba, har ma gwajin jinin da ke tabbatar da rashin SMN1 ba ko'ina ake samunsa ba. Amma awo da buri ba su dogara da allurar miliyoyi ba. Miƙar da gaɓoɓi kullum don kada su ƙage, zama mai tallafe baya, taimakon tari da bubbuga ƙirji, rigakafi a kan lokaci, abinci mai laushi ga mai wahalar haɗiya, kula da nauyi kada ya yi ƙasa kada kuma ya yi yawa, duk abubuwa ne da sashen gashi da na yara a manyan asibitoci suke iya tsarawa, kuma duk ana iya sa musu buri a bibiya. Littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa: nauyi duk wata, minti nawa abinci ya ɗauka, sau nawa aka ƙware, sau nawa ƙirji ya kama, minti nawa aka zauna ba jingina. Sai ɗan bidiyo a waya duk wata uku, a tabarma ɗaya, da kofi ɗaya, da safe bayan karin kumallo, wayar a ajiye a wuri ɗaya, a rubuta kwanan wata. Ranar ganin likita a tafi da littafin da wayar, a buɗe na watan Janairu kusa da na Yuli.